Hitar Jirgin Alhaji Lawan

Litinin, 3 ga Mayu, 1999

Zafin yau sai wanda ya gani. Fanka huɗu aka kawo shago da janareto ɗaya. Na tayar da uku, ta huɗun ta ƙone ƙurmus, na ce wa mai ita ya haƙura, kwananta ya ƙare.

'Yata Mufida ta dawo daga aiki da ciwon kai. Karo na uku ke nan cikin sati biyu. Ta yi amai a bakin rariya, ta faɗa ɗaki ko takalmi ba ta cire ba. Uwarta Delu ta ce zazzaɓi ne, ta hau dafa mata ganyen darbejiya, ta manta 'yar tata nas ce.

Tun ranar da autar tawa ta gaya min asibitin koyarwa sun sa ta cikin masu bin jirgi ɗauko bakwaini daga Nguru da Gashuwa, na ce kada ta je, ta ce "Baba, aiki ne," tsakanina da ita sai gaisuwa. Shekara ashirin da biyu na yi ina gyaran jirgin sama kafin in dawo Gyadi-Gyadi ina gyaran fanka. Na san abin da ke riƙe jirgi a sama. Ikon Allah, sai kuma hannun wani irina, wanda wataƙila ya manta noti ɗaya.

Laraba, 5 ga Mayu

Na kasa haƙuri. Bayan la'asar na same ta tana wankin fararen kayanta, na tsaya a kanta kamar mai neman wani abu a ƙasa.

Na ce ciwon kan nan, da tafiya yake farawa ko da dawowa?

Ta ɗago ta kalle ni, don ta daɗe ba ta ji na yi mata doguwar magana ba. Ta ce da dawowa. Na ce me ya bambanta tafiya da dawowa? Ta ce jariri mana. In sun ɗauko jariri matuƙin yakan hau sama sosai don kada jirgin ya riƙa jijjiga, can kuwa akwai sanyi ko da nan ƙasa ana narkewa, sai ta ce masa ya kunna hita.

Na ce shi matuƙin fa?

"Hamma yake ta yi. Har tsokanarsa nake, in ce Kyaftin amarya aka yi ne?"

Na ce in kun sauka fa? Ta ce kafin awa biyu ya fara sauƙi.

Sai da na nemi turmi na zauna.

Irin wannan ƙaramin jirgi mai inji biyu, hitarsa a hancinsa take. Man jirgin take ƙonawa a cikin wani bututun ƙarfe rufaffe, iska ta bi ta bayan bututun ta ɗauki zafi ta shiga wurin fasinja. Hayaƙin kuma yana da hanyarsa daban, waje. In bututun ya tsage, hayaƙi ya bi iskar. Ba shi da wari, ba a ganinsa. Shi ne wanda ke kashe mutane in sun rufe ɗaki da garwashi.

Na ce mata daga yau kada a ƙara kunna ta. Ta ce "Baba, jariran fa?" Na ce ina gidan matuƙin?

Alhamis, 6 ga Mayu

Tarauni, bayan kasuwa, gida mai koren ƙyaure. Kyaftin Oluwole. Haihuwar Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ba zai wuce arba'in ba. Ya rusuna ya gaishe ni, ya ce ya san sunana tun yana ɗalibi.

Na faɗa masa abin da nake zargi. Ya ce, "Baba Injiniya, ranar Litinin na kira hasumiyar filin jirgi na manta lambar jirgina. Jirgin da nake tuƙawa shekara uku. Ban gaya wa kowa ba, na zaci hawan jini ne ya kama ni."

Ya ce jirgin na Alhaji Lawan ne na Babban Giji, haya yake bayarwa, amma in asibiti suka kira yana ba su sadaka. Kafin a fara ɗaukar jarirai babu wanda ya taɓa taɓa makunnin hitar. Wa zai nemi ɗumi a Kano?

Ya ce in zo ranar Asabar in duba. Na ce lasisina ya mutu tun tuni. Ya ce injiniyarsu za ta zo daga Kaduna, ita ce mai sa hannu, ni idona kawai suke so.

Na ce zan yi tunani. Ƙarya nake, na riga na san zan je.

Juma'a, 7 ga Mayu

Shekara bakwai saura wata uku ban taka filin jirgi ba.

Bari in rubuta sau ɗaya. Agusta 1992. Ƙaramin jirgin kaya na kamfaninmu. Ni na duba shi da safe, ni na sa hannu. Aminina Ɗanladi ne a kan kujerar tuƙi, ya leƙo ta taga ya ce in ajiye masa ragowar tsirena. Kafin azahar aka ce sun faɗi a daji, su uku. Masu bincike suka zo suka kwashe littattafanmu, ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba. Zamanin soja, wa za ka tambaya? Babu wanda ya ce laifina ne. Babu wanda ya ce ba laifina ba ne. Na ajiye aiki.

A masallaci liman ya yi addu'ar Allah ya sa a miƙa mulki lafiya ranar ashirin da tara. Amin ɗin mutane har sai da rufi ya amsa.

Asabar, 8 ga Mayu

Na je. Warin man jirgi ya tare ni tun daga ƙofa, ƙafata kuwa ta san hanya.

Injiniyar tasu ashe Nkolika ce! Yarinyar da na koya wa riƙon sifana a 1988, wadda maza suka ce ba za ta yi wata uku ba. Ta yi ƙiba, ta sa tabarau. Da ta gan ni ta saki ihu, "Oga! Ashe kana duniya?" Har da ƙwalla. Ni ma dai wani abu ya faɗa min ido.

Jirgin daga Kanada aka sayo shi, na hannu. Ina buɗe murfin inji na yi dariya, don ga faifan ɗumama mai a manne a gindin kowane inji, da wayarsa ta lantarki a naɗe. Nkolika ta ce ta daɗe tana son ta cire su, ba ta ga amfaninsu ba. Na ba ta labarin wata shida da na yi kwas a ƙasar a 1981. Da asuba baƙin mai yakan daskare kamar kakide. In ka tada inji a haka ƙarfe zai ci ƙarfe kafin mai ya zagaya. Sai mu lulluɓe injin da bargo kamar majinyaci, mu jona faifan nan, ko mu zura masa mesa mai hura iska mai zafi, mu tsaya muna rawar ɗari har ya saki jiki. Na ce ta bar su, ba su cin abinci, kuma wata rana jirgin zai kwana a Jos cikin Disamba.

Sannan hitar. Ta ce, "Oga, gaskiya a littafi kawai na san ta." Ban ga laifinta ba.

Muka sauke ta. Na toshe duk ƙofofin bututun, na hura masa iska da famfon keke, muka zuba wa gejin auna iska ido. In lafiya yake allurar za ta tsaya cak. Kafin in ƙirga goma ta kwanta. Na kaɗa ruwan sabulu na shafa. Ga kumfa nan tana tasowa ɗaya bayan ɗaya, a gefen ɗinkin ƙarfen. Tsagar ba ta fi silin gashi ba, tsawonta kamar ƙwayar shinkafa biyu.

Oluwole ya tsuguna ya kalle ta, ya cire hularsa.

Nkolika ta yanke wa hitar mai da wuta, ta rataya jan kati a makunnin.

Talata, 11 ga Mayu

Gidan Alhaji Lawan. Mutumin kirki ne, amma ɗan kasuwa, kuma ya saba ana cewa to.

Ya ce, "Malam Mu'azu, ba tsaga ba ce? Akwai mai walda a Ƙofar Ruwa, ko allura ce ta karye sai ya haɗa ta."

Na ce Alhaji, ba tukunya ba ce. Ƙarfen ya gaji. In an liƙe nan zai buɗe a can, kuma ba zai yi sallama ba. Sabo ake sawa.

Ya ce to a bar hitar a kashe mana, jirgi ai yana tashi ba ita. Na ce ƙwarai, ga manya masu babbar riga. Bakwaini kuwa da bai kai nauyin kaza ba, minti arba'in a wannan sanyin ya ishe shi. Ya ce bargo fa? Na ce a tambayi masu abin.

Ya ce bari a wuce hidimar rantsuwa tukuna, yanzu kowa Abuja yake son zuwa, jirgin ba shi da hutu. Muka yi sallama a haka.

Na gaya wa Mufida. Ta ce bargo yana riƙe ɗumin da ke jiki ne, su kuwa ba su da shi. Likitansu ya dakatar da tafiyar har sai an gyara.

Asabar, 15 ga Mayu

An yi hadari, an yi iska, ba a yi ruwa ba.

Litinin, 17 ga Mayu

An kira daga Gashuwa. Babu jirgi, suka taho da jaririn a mota. Bai wuce Haɗeja da rai ba.

Talata, 18 ga Mayu

Mufida ta tsaya a ƙofar ɗakina da safe, da kayan aiki a jikinta.

"Baba, da ciwon kai na dawo, amma da jariran nake dawowa."

Ta fita ba ta jira amsa ba.

Na buɗe shago na zauna. Wani ya kawo dutsen guga na ce ya dawo gobe. In da na yi shiru da yaron nan ya iso? In da na yi shiru da wata rana Oluwole ya yi barci a kan sitiyari da 'yata a bayansa? Duk inda na juya akwai gawa. Irin wannan lissafin ne ya kore ni daga aiki, ga shi ya biyo ni har Gyadi-Gyadi.

Da yamma na hau acaɓa zuwa Babban Giji. Ban shirya magana ba. Na ce Alhaji, sunan uwar yaron Hajara, haihuwarta ta fari. Shi ke nan abin da na ce. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ɗaga waya ya kira Kaduna, ya ce wa Nkolika ta nemo sabon bututu duk inda yake a duniya.

Alhamis, 20 ga Mayu

Mufida ta biyo ta shago da ta tashi daga aiki, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ajiye min mangwaro a kan benci, ta zauna a kan wani mataccen janareto.

Ta ce ta koma ta binciki takardun jariran da suka ɗauko a watan jiya. Biyu a ciki sun iso jikinsu a sake, ba sa kuka, ba sa kama nono, sai da suka kwana ana ba su iska. A lokacin kowa ya ce wahalar hanya ce. Ta nuna wa likita, ya ce hayaƙin nan ƙananan yake fara kamawa kafin manya.

Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta ce, "Baba, wai yaya abin yake aiki ne?" Na zana mata a bayan kwalin fanka. Ta yi tambayoyi masu kyau. Kan nan nata da injiniya ta yi.

Muka taho gida tare, a ƙafa, ta Titin Kotu.

Laraba, 26 ga Mayu

Nkolika ta samu bututun a Legas, sabo dal a kwalinsa, da takardunsa. Gobe zai iso.

An yi ruwan farko na kirki. Yara sun fito tsirara. Delu ta tara baho uku.

Asabar, 29 ga Mayu

Jiya Oluwole ya kai baƙin Alhaji Abuja ya dawo, ba zai koma ɗauko su ba sai Talata. Don haka yau jirgin namu ne.

Gari kamar an share. Kowa na gaban talabijin. Mu uku a rumfar jirage, da 'yar rediyon Oluwole a kan fiffike. Ina ɗaure bututun a mazauninsa ana busa bigila a Abuja. Da aka fara karanta rantsuwa Nkolika ta ajiye sifana ta ce a dakata, tana son ta ji da kunnenta. Oluwole ya ce lokacin da aka yi irin wannan a 1979 yana saurayi, uwarsa ta yanka zakara. Na ce Allah ya sa wannan ya fi wancan tsawon rai.

Da aka gama ya ce, "Baba Injiniya, yanzu sai ka rubuta wa sabuwar gwamnati wasiƙa ka nemi rahoton hatsarin nan." Ashe ya sani. Ashe kowa ya sani. Na ce ya miƙo min filaya.

Mun hura iska. Allura ta tsaya cak, na ƙirga har ɗari ba ta motsa ba. Na sake sau biyu, Nkolika na dariya. Mun kunna hitar a ƙasa, ta kama da bugu ɗaya, zafi ya kore mu waje.

Sai ta ce saura gwaji a sama ranar Litinin. Ita za ta zauna gaba da Kyaftin, ana buƙatar mutum a baya, inda ake ajiye kwalbar jariri, ya riƙe ma'aunin zafi da katin gane hayaƙi.

Na ce ta nemi wani. Ta ce, "Oga, kai ka koya min wanda ya haɗa shi ke fara ɗanɗanawa."

Bakina ne ya ja min.

Lahadi, 30 ga Mayu

Na ce wa Delu ba zan hau ba. Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To Malam. Ranar Alhamis sai ka raka 'yarka ta hau abin da kai ka ƙi."

Shekara talatin da ɗaya da matar nan, har yau ban ga ranar da ta ɓarar da kalma ba.

Litinin, 31 ga Mayu

Ƙarfe bakwai na safe muka tashi.

Da jirgin ya fara gudu na rufe ido ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ma'aunin ya faɗi daga hannuna sau biyu. Kunnena kuwa bai san tsoro ba, yana ta aikinsa: injin dama lafiya, na hagu lafiya, ƙafafu sun naɗe, ƙofarsu ta rufe. Duk na ji.

Oluwole ya ce, "Baba, ga unguwarku." Na buɗe ido ɗaya. Ga titin Zariya miƙe, ga rufin asibitin koyarwa, ga Gyadi-Gyadi cunkus, kududdufai na ƙyalli da ruwan ranar Laraba. Na nemi gidana ban gane shi ba. Duk abin da na ɓuya a ciki shekara bakwai bai kai tafin hannu ba.

Ƙafa dubu goma. Sanyi ya fara shiga ta ƙafar wando. Na kalli wurin da aka ɗaure igiyoyin kwalbar jariri, na sa hannu a ƙarfen, kamar ƙanƙara. Na ce a kunna.

Ƙas. Shiru. Sai wani ɗan gurnani daga hancin jirgin. Sai ɗumi ya taso ya taɓa min idon sawu.

Katin nan yana da ɗigo ruwan ɗorawa a tsakiya, in akwai hayaƙi baƙi yake komawa. Minti arba'in na yi ina kallonsa, ko ƙiftawar kirki ban yi ba. Nkolika na juyowa, ina ɗaga mata yatsa. Muka kashe, muka kunna, sau uku. Ɗigon yana nan yadda yake.

Da muka juyo gida na yi wa Ɗanladi addu'a a fili, da sunansa. Ban taɓa iyawa ba sai yau. Su biyun suka ce amin.

Bayan mun sauka Nkolika ta sa hannu a littafi. Ta miƙo min biro wai in rubuta sunana a gefe, na ce ba ni da hurumi. Ta ce ta sani.

Laraba, 2 ga Yuni

Na rubuta wasiƙar. Layi tara. Na kai gidan waya da kaina. Ko su amsa ko kada su amsa. In ma amsar ba ta yi min daɗi ba, gara in sani.

Alhamis, 3 ga Yuni

'Yan biyu daga Nguru, mace da namiji, da uwarsu. Mufida ta ce sun iso da ɗuminsu, macen tana tsala kuka tun daga sama har cikin asibiti, Oluwole na cewa a bar ta, ya fi son wannan da rediyo.

Ta cinye tuwo malmala biyu ta nemi ƙari. Babu ciwon kai.

Talata, 8 ga Yuni

Nkolika ta aiko da ambulan ta hannun Oluwole. Fom ɗin sabunta lasisi ne. Sai an sake jarrabawa biyu, a shekarata, da wannan idon. Ban ce zan yi ba. Na dai cike shi jiya don kada takarda ta lalace a banza.

Suna son hoto guda huɗu. Da ma ina da aike a Tarauni, sai na biya ta wurin mai hoto, tunda hanya ce.

Ya zaunar da ni, ya gyara min hula, ya koma bayan kyamara. Ya leƙa, ya ɗago. Ya sake leƙawa, ya sake ɗagowa.

"Baba, na gwamnati ne fa. Ba sa karɓa in ana murmushi."

Na ce wa yake murmushi?

Sai da muka yi sau uku.